Ƙaramar Tarakta da Dawakin Mahaifinmu

Shekarar da ɓarayin daji suka kore mana shanun huɗa, ni kaɗai na rage a gidanmu na ƙauye, can gefen Wagini, ni da dawakin da mahaifinmu ya bari. Shanun a gona aka same su da rana tsaka. Dawakin kuwa suna cikin gida a barga, shi ya sa suka tsira. Bayan wannan Yayana ya kwashe iyalinsa ya koma Katsina. Ni ma na kai matata da yara gidan iyayenta a cikin Batsari, ina leƙa su ranar kasuwa. Amma doki ba kaza ba ne balle a sa shi a kwando a kai shi gidan surukai. Babu wurin ɗaure su a gari, babu abin da za su ci. Sai na zauna.

Mahaifinmu kiwon dawaki ya yi duk rayuwarsa, yana sayar da 'ya'yansu ga masu sha'awar kilisa. Gonar bayan gida ita ke ciyar da su: dawa, wake da gyaɗa, a ci ƙwayar, a tara musu harawar. To ga damina tana matsowa, ba shanu. In na sayi wasu, kamar na aika wa ɓarayin ne su dawo. Masu taraktar haya kuma sun daina shigowa yankinmu. Na daɗe ina juya abin a raina, daga ƙarshe na sayar da ingarman, na bar goɗiyoyi biyu da duƙushi guda, na ce zan sayi injin noma na kaina.

Aka kwatanta mini wani dattijo makaniki a Safana, wanda ke gyara tsofaffin injinan gona yana sayarwa. Na hau babur na tafi. Na same shi zaune a kan tsohuwar taya yana wanke wani ƙarfe da fetur. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi mutanen Wagini, ya jajanta mini shanun, sannan ya ce in tashi in duba.

Taraktoci biyu ne a filin. Akwai babba ja mai ƙafa huɗu da kujera, fentinta ya koɗe amma tana tsaye da kwarjininta. Akwai kuma ƙarama mai ƙafa biyu da dogayen hannuwa, wadda mutum ke riƙewa yana bin ta a ƙasa kamar garmar shanu. Tun kallon farko babbar ta shiga raina. Na hau na zauna, na kama sitiyari, na hango rufin gidajen unguwar daga sama. Har na juya zan ce, “Yaya, ka gani?” sai na ga babu kowa a bayana sai bango.

Na sauko na koma gefe na kira shi a waya. Na yi masa bayanin duka biyun. Ina jin hayaniyar motoci a inda yake. Ya ce, “Duk wadda ka zaɓa daidai ne. Kai ne a wurin.”

Na ce, “Yaya, shawararka nake nema.”

Ya ce, “Wallahi ƙanena, ni yanzu ko sanin halin da gonar take ciki ban yi ba. Allah Ya zaɓa maka mafi alheri.”

Tun muna yara shi ke yanke komai, daga irin da za a shuka har duƙushin da za a sayar, ni kuma ina gunaguni a ɓoye. Ranar da ya sakar mini zaɓin sai na ji kamar an rufe ƙofa an bar ni a waje.

Na dawo wajen dattijon. Sai ya tambaye ni, “Malam, in ka saye ta, ina za ta kwana?”

Ƙofar gidanmu doki da amalanke aka yi wa, babbar ba za ta shige ba. A waje za ta kwana, kowa na ganinta.

Ya ce, “Kuma in ta lalace a tsakiyar gona, gaskiya ɗana ni ba na zuwa wajenku yanzu. Ba zan yi maka alkawarin da ba zan cika ba. Ƙaramar nan kuwa, ka kwance abin da ya ɓaci ka ɗoro a babur ka kawo mini.”

Na sake zagaya babbar, na shafa tayarta, na haƙura, na ce a ba ni ƙaramar.

Sai maganar kayan da za a haɗa mata. Ya jero su a ƙasa. Akwai garma mai faifai ta fasa ƙasa mai tauri, na ce gonarmu jigawa ce, rairayi ne, ba ta buƙata. Na ɗauki rija mai tayar da kunya, don ita ce ainihin aikin da shanun suke yi. Na ɗauki ƙaramar tirela, saboda kwasar taki daga barga zuwa gona da ɗauko harawa. Akwai wani abin yankan ciyawa mai wuƙaƙe masu juyawa, ya yaba mini shi sosai, ya ce zai raba ni da lauje. Na tsugunna na taɓa bakin wuƙar. Sai na tuna duƙushin nan da ke yawo a sake, ba ya ganin abu bai sa hanci ba. Na ce a bar shi.

Azahar ta yi, muka yi salla, aka kawo masa tuwo daga cikin gida. Ya ce, “Bismilla, matso.” Muna ci yana ba ni labarin wani jakinsa da ya tsani ƙarar inji. Ban ji rabin labarin ba. Ina ta kallon hannunsa da nawa a kwano ɗaya, ina tunanin rabon da in ci abinci da wani namiji babba tun tafiyar Yaya.

Washegari a-kori-kura ta kawo kayan har ƙofar gida, direban ya sauke ya juya ko ruwa bai tsaya sha ba. Da na tayar da injin a tsakar gida, tsohuwar goɗiyar ta tsinke igiya ta yi bayan rumbu, ƙaramar goɗiyar tana ta rawar jiki, duƙushin ya shige ƙarƙashin uwarsa. Na kashe. Na tura injin kusa da barga na bar shi nan su shinshina. Kullum sai in tayar da shi kaɗan lokacin da nake zuba musu dusa, har suka saba, suka daina ɗaga kai.

Da ruwa ya sauka na shiga gona. Kunyoyin farko sun fito a karkace, kafaɗuna kamar za su cire. Wannan duk na iya a hankali. Abin da ban yi zato ba shi ne ƙarar. Huɗar shanu aikin mutum biyu ne, ɗaya na ja ɗaya na riƙe garma, ana tafe ana hira, mai wucewa ya yi sannu a amsa. Injin nan mutum ɗaya yake so, kuma in yana aiki ba ka jin komai. Wata rana na hango wani maƙwabcinmu a bakin hanya ya ɗaga hannu, bakinsa na motsi. Kafin in kai ƙarshen kunya in kashe, ya gaji ya wuce.

Rashin jin ya fi damuna ta wani wajen. A yankinmu kunne shi ke tsaron mutum, ƙarar babura daga nesa ita ke cewa ka gudu. Sai na riƙa zuwa da tsohuwar goɗiyar ina ɗaure ta a gindin tsamiyar bakin gona. Ina huɗa ina kallonta. In tana kiwo, lafiya. Wata safiya ta ɗaga kai, ta miƙe kunnuwa wajen yamma ta ƙi saukewa. Na kashe injin na kwanta a cikin kunya. Can sai ga jaki ya ɓullo, wata tsohuwa na biye da shi. Matar aminin mahaifinmu ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun watse.

Ta tsaya a kaina ta ce, “Kai kuma lafiya kake kwance a ƙasa?”

Na tashi ina kakkaɓe riga na ce, “Hutawa nake yi, Inna.”

Ta dube ni, ta dubi daji, ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce ta zo ne in taimaka mata da 'yar gonarta, don fartanya ta fi ƙarfinta bana.

Na yi mata huɗar. Takan zo da fura ta zauna a inuwa, in na kashe injin don ya huce sai ta yi ta ba ni labarin mahaifinmu yana saurayi, yadda doki ya taɓa kayar da shi a gaban gidansu mahaifiyarmu. Ni ban taɓa jin wannan ba. Na riƙa kashe injin tun bai yi zafi ba.

Damina ta yi kyau a shekarar. Da kaka, bayan an roro wake, 'yarta da ke aure a Dutsin-ma ta aiko a tafi da ita. Ta zo yi mini sallama, ta ce harawar gonarta duka ta bar wa dawaki. Na raka ta har inda ake hawa babur, na riƙe mata ƙullin kayanta ta hau. Da yamma na ɗaura tirela na je na kwaso harawar, na jibge ta a kan rumfa, na zuba wa dawakin ruwa, na shiga na hura wuta.