Tsiron Hanjin Lado Mai Basir

Lado ɗan manomi ne daga wani ƙauye a bayan Dutsi, amma tun yana saurayi shi da fartanya ba sa ga maciji. Ya taɓa dillancin awaki aka kore shi, ya gwada fasa-ƙwaurin fetur ta Kongolam ya ga ba ya da ƙafar gudu. Daga ƙarshe ya gane jarinsa ɗaya ne a duniya: bakinsa. Ya tare a Daura, ya ɗaure lasifika a tsohon babur, ya cika jarkoki da jiƙon sassaƙe, ya shiga bin kasuwanni yana tallar maganin basir.

A wurin Lado cutar duniya ɗaya ce. Ciwon baya basir ne, kasala basir ce, wanda matarsa ta yi yaji ma basir ne ya jawo. Da can da batsa yake tara jama'a. Da aka ƙaddamar da shari'a ya ga iska ta juya, sai ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, ya ɗiga zuma a jarka, ya koma Malam Lado. Jiƙon dai shi ne na jiya.

Ana nan wansa Amadu ya fara ganin jini a bayan gida. Likita ya ce masa ya tafi Kano a leƙa hanjinsa da na'ura mai kyamara, don ba kowane jini ne basir ba. Amadu ya biyo wajen ƙanensa neman shawara.

"Haba Yaya," in ji Lado, "da furfurarka za ka tuɓe wa ɗan cikinka ya zura maka tiyo? Ga magani a gida!"

Shekara uku Amadu na kwankwaɗar jiƙo yana ramewa. Ranar da aka kwashe shi zuwa Kano, sankara ta riga ta cinye hanjin. A zaman makoki Lado ya fi kowa jan carbi, yana raɗa wa mutane cewa marigayi ba ya shan magani a kan ƙa'ida.

Bayan shekara biyar, wata safiya, Lado ya shiga bayi. Ya ga jini. Bai ko kalli jarkokinsa ba, ai ya san abin da ke ciki. Ya ce wa matarsa Rabi zai je Kano saro zuma. Can ya yini shan maganin wankin ciki, washegari ya tuɓe ya kwanta a gefe kamar tunkiya, aka zura tiyon.

Da sakamako ya fito, likita ya zaunar da shi. "Malam, tsiro uku muka cire maka a babban hanji. Wani tsiron yakan fito da wuya kamar naman kaza, wani a shimfiɗe, kuma sau da yawa ba ya ciwo. Biyu daga naka ƙanana ne, irin da ba ya zama komai. Na ukun babba ne, irin da in an bar shi shekaru yakan rikiɗe ya zama sankara. Ka zo a kan lokaci. A gidanku an taɓa irin wannan?"

"Wana. Ya rasu."

"Me ya hana shi zuwa da wuri?"

Lado ya shafa gemu. "Taurin kai, likita. Ka san mutanen ƙauye."

Likita ya rubuta takarda, ya ce abin yakan bi jini, ya gaya wa duk 'yan uwansa su zo a duba su, shi kuma ya dawo bayan shekara uku.

Lado ya cusa takardar a ƙarƙashin katifa ya ja bakinsa ya tsuke. Ina zai kai sana'a in aka ji? Rabi ce ta tsince ta wajen shara, wata maƙwabciya malamar asibiti ta karanta mata, Rabi kuwa ba ta zame ko'ina ba sai gidan Talatu, ƙanwar mijinta.

Talatu ta same shi a soro yana ɗura jiƙo. Ko gaisuwa babu.

"Yaya Lado, ashe tiyon halal ne in ranka za a ceta?"

"Ke Talatu, kowa da kwanansa."

"To naka me ya kai shi Kano?"

Ya ci gaba da ɗura jiƙonsa. Ta kai wa jarkar ƙafa ta fice.

Ita ma Talatu an duba ta an cire mata tsiro guda ɗaya, ta kuma tattara sauran 'yan ɗakinsu ta tura. Har yau in sun haɗu da Lado a wajen suna ko biki, kau da kai take yi. Shi kuwa ya daina zuwa kasuwar Dutsi, inda labarin ya bazu, ya koma cin na nesa. Shekara uku na cika ya hau motar Kano a sake duba shi, bai ƙara ko kwana ɗaya a kan wa'adin likita ba.