Goggo Ba-Zama, Mai Ƙera Abin da Haske Ke Cinyewa

Kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar cibiyarmu, Goggo ta riga ta wuce shi. Gaisuwa ma a tafe take yinta, sai dai ka amsa wa bayanta, shi ya sa muka laƙaba mata Ba-Zama. Takan jefa jaka a kabad, ta wanke hannu har gwiwa, ta zura farar rigar nan mai rufe mutum ruf, da hula da safar hannu da takunkumi. Ba hoda, ba turare, don ƙwayar ƙura ɗaya na iya ɓata aikin mako. Shayi mai kauri ma ta rabu da shi tun tana da ƙuruciya, wai yana sa yatsa rawa.

Ga wanda bai san aikinmu ba, muna da na'urar leza, mai tara haske ta matse shi wuri guda, ta sake shi cikin lokacin da ƙiftawar ido ma doguwar tafiya ce a kansa. Abin da hasken ya sauka a kai ba ƙonewa yake irin ta itace ba. Tarwatsewa yake, ya koma wani irin tururi da ya fi fuskar rana zafi, ƙananan ƙwayoyin da ke cikinsa su fice da gudu. Su muke aunawa, da fatan wata rana za su taimaka wajen kashe ciwon daji. Amma dole hasken ya sami abin harbi, kuma Goggo ce ke ƙera shi: ɗan fallen ƙarfe wanda ɓawon albasa ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Ta ɗora shi a kan firam, ɗan abin da ke riƙe shi, da ɗigon gam da take ɗauka da bakin gashi guda, ido a madubin ƙara girma, numfashi a riƙe. Sai ta wuni a kan 'yan kaɗan. Mu kuma mu danna maɓalli, su zama babu.

Na taɓa tambayarta ko abin ba ya mata ciwo. Ta ce, "Kai da ke cinye girkin matarka kullum, ka taɓa ganin ta yi kuka? Matsa, ka tare min hanya."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru bara. Akwai ɗalibarmu mai digiri na uku, muna kiranta Auta ko da yake uwar 'ya'ya biyu ce. Layi ake bi kafin a sami na'urar, in ka rasa naka sai baɗi, ita kuwa wa'adin karatunta ya zo ƙarshe. Ana gobe gwajinta, akwatin fallayenta ya suɓuce mata a matakala. Ko ɗaya bai tsira ba. Ta zauna a wurin, ko kuka ta kasa.

A ranar Goggo ba ta nan. 'Yarta ta fari na asibiti, haihuwar fari, naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Auta ta hana kowa kiranta. Direbanmu ne da ya kai mata saƙo bakinsa ya suɓuce. Ya ce Goggo ta tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa, ta dubi ciki, ta dubi mota, ta sake duban ciki, har 'yar ta ɗaga murya: "Mama, don Allah ki je ki dawo. Zirga-zirgarki ta fi naƙudar damuna."

Ta zo, ta sa farar riga, ta shiga ɗakin aikinta mai tagar gilashi, ta zauna. Falle na farko ya yage a hannunta, na biyu ma haka. Ban taɓa ganin hannun Goggo na rawa ba sai ranar. Ta cire safa ta fito, ta yi ta kai-kawo a baranda, waya a kunne, surukinta na ce mata har yanzu shiru, likita na maganar tiyata. Can ta miƙa wa Auta wayar.

"Riƙe. In alheri ne, ki ƙwanƙwasa min gilashi. In ba haka ba, ki shigo ki janye ni, ko da takalminki a ƙafa."

"Goggo, ki koma asibiti, na haƙura."

"Ni ban haƙura ba. Rufe min ƙofa."

Haka muka wuni, Auta a bayan gilashi tana juya waya, ni ina hawa da sauka ba gaira ba dalili, Goggo a ciki ko kai ba ta ɗagawa. Da la'asar wayar ta yi ƙara. Auta ta amsa, ta ƙwanƙwasa gilashi har muka ji tsoron zai fashe. Goggo ba ta motsa ba sai da gam ɗin da ke hannunta ya kama, sannan ta leƙo.

"Uwar fa?"

"Lafiya lau, Goggo. An samu mace."

Ta nuna wa Auta fallayen da ta jera, ta fice da hular aiki a kanta. Washegari aka yi gwaji, kuma da shi Auta ta kammala.

Goggo, ke ce hannun da ba a gani a hoton taro. Ke ce da rawar yatsu ta dawo miki bana, ta ƙi tafiya, kika je da ƙafarki kika ce a nemo magada tun kafin wani ya lura. Ke ce kika zaunar da magidanta biyu kina koya musu riƙe numfashi, kina musu faɗa kamar 'ya'yan cikinki.

Ranar da za ta ajiye aiki muka tambaye ta abin da take so. Ta ce a bar ta ta danna maɓallin sau ɗaya, ashe duk shekarun nan ba ta taɓa tsayawa kallon harbi ba. Ta danna. Wani ɗan layi ya yi tsalle a allon kwamfuta.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Goggo."

"A kan wannan kuke hana ni sakat?" Ta yi dariya har ta dafa tebur, sannan ta juya mana baya tana goge ido.

Mun gode, Goggo. Allah ya ba ki lafiya, ya raya jikarki. Ku kuma matasa masu zuwa mana kowa na son zama a gaban allo, ɗakin fararen riguna na neman masu haƙuri. Goggo ta ce duk mai son koyo ya same ta a gida, amma ya yanke farce kafin ya zo.