Raƙuman Ulu na Burulkan

Burulkan ba ta iya saƙa ba sai da ta yi aure. A ƙauyensu na Jumgal mata kirɓa ulu suke yi su mai da shi shimfiɗa, ba ruwansu da tsinken saƙa. Da mijinta Sagynbek ya samu aiki a masana'antar alƙaluma ta Min-Kush, aka ba su ɗaki biyu a wani bene mai hawa huɗu. Ƙofarsu tana kallon ta wata 'yar Rasha mai suna Taisiya, mace mai ƙatuwar murya wadda ba a raba hannunta da zare.

"Ke amarya, wannan hannu naki ai na faskare ne," in ji Taisiya ranar da ta fara koya mata. "Sassauta mana, zaren bai yi miki laifi ba."

Kafin sanyi ya fita Burulkan ta iya safa. A shekara ta biyu ta iya abin da ya fi safa wuya, wato 'yan ƙananan kayan ado da ake ratayawa a bishiyar sabuwar shekara. Taisiya tana saƙa tauraro da ƙararrawa, ita kuwa ta ce ba ta san ƙararrawa ba, raƙumi ta sani. Ta riƙa saƙa raƙuma masu tozo biyu, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba, ta cusa musu ulu, ta ɗaura jan zare a wuya. Ƙofofi ashirin da huɗu ne a benen. Kowace safiyar talatin da ɗaya ga Disamba su biyun sukan bi su ɗaya bayan ɗaya, su rataya kyautar a mariƙi, su sauko suna dariya ƙasa-ƙasa, sai ka ce akwai wanda bai san su ba ne.

Shekara goma sha tara suka yi a haka. Sai masana'anta ta rufe, gari ya fara zubewa. Yau ka ga mota a ƙofa ana loda katifu, gobe ka ga an buga katako a taga. Taisiya ta bi 'yarta zuwa Omsk, can Rasha. Wasiƙa biyu ta aiko, ta uku kuwa 'yar ce ta rubuto, layi huɗu na sanar da rasuwarta. Sagynbek ya rasu da ciwon huhu. Ɗansu guda, Talant, ya tafi Bishkek karatu, ya yi aure can, ya zauna.

Gida biyar suka rage da mutane a benen, amma Burulkan ba ta rage saƙa ba. Ashirin da uku take yi, har da ƙofofin da kwaɗonsu ya yi tsatsa. Jumabai, tsohon direban da ke hawa na ƙasa, ba ya barin ta ta wuce lafiya. Eje yake ce mata, wato yaya.

"Eje, ɓerayen gida na tara sun ce a gaishe ki. Wai na bana ya fi na bara daɗin ci."

"Ka ce musu sun fi ka ladabi, Jumabai. Kai shekara nawa ina ba ka, ko na gode?"

Tana da shekara saba'in da ɗaya santsi ya kwashe ta a matakala, ga bokitin gawayi a hannu, ƙugunta ya tsage. Talant ya zo ya ce zaman ya isa haka. Ba ta yi musu ba, don ta ga har hawaye ya yi.

Gidan Talant yana hawa na sha ɗaya, a bene mai hawa sha biyu, ƙofa huɗu a kowane hawa. Akwai ɗumi, ga ruwan zafi a famfo. Surukarta Aisuluu ba ta rage ta da komai ba: magani a kan kari, shayi da madara yadda take so. Sai dai ƙarfe bakwai da rabi su biyun sun fita aiki, jikarta ɗaya kuma tana karatu a Turkiyya. Burulkan takan wuni a bakin taga tana kallon rufin motoci. Wata tara ta yi ba ta san sunan maƙwabci ko ɗaya ba. In ta yi gaisuwa a lifta, sai a gyaɗa kai ido na kan waya.

A watan Satumba ta sa Talant ya sayo mata zare daga kasuwa, ruwan ƙasa da ja. Bai tambaya ba, ya ɗauka safa ce. Yatsunta sun kumbura, raƙumi ɗaya kan ci mata yini biyu, amma ta haɗa arba'in da bakwai. Tana saƙawa tana tunanin masu ƙofofin. Wannan na mai karen nan ne, wannan na matar da take jin tarinta ta bango.

Ranar talatin da ɗaya ga Disamba da safe, Aisuluu tana kicin tana yanka dankalin salak, Burulkan ta ɗauki jaka da sanda ta fita. Daga hawa na sha biyu ta fara, ta riƙa saukowa ta matakala, tana hutawa a kowane hawa. Awa biyu ta yi. Ta dawo ƙugu na zogi, ta zauna ta ɓare lemo, ranta fari tas.

Ba a yi azahar ba Aisuluu ta shigo da waya a hannu, fuskarta ba daɗi. Apa take ce mata, wato inna.

"Apa, ke kika rataya abubuwa a ƙofofin mutane?"

"Ni ce. Sun gani?"

"Sun gani." Ta zauna a bakin gado. "Apa, an ɗora hotonki daga kyamarar matakala a zauren waya na mutanen benen nan. Wata ta ce asiri ne, wai jan zare a wuya ɗaurin baki ne. Wani ya ce alama ce ta ɓarayi. Ta hawa na uku ta farke nata da almakashi tana neman laya."

"Me ta samu a ciki?"

"Ulu."

"To, ai ulu na sa."

Talant ya rubuta musu cewa mahaifiyarsa ce, tsohuwa ce daga ƙauye, a yi haƙuri, ba za a sake ba. Ya karanta mata da kansa don ta ji an kashe maganar. Kalmar nan ta a yi haƙuri ta tsaya mata a rai. Da aka zauna cin abinci ta ɗan taɓa, ta ce ƙugunta ne, ta koma ɗaki.

Kwana biyu bayan haka ta sauka zubar da shara, abin da ba ta saba ba. A cikin kwandon da ke bakin ƙofar shiga ta ga raƙumanta, tare da ɓawon lemo da kwalabe. Ta tsince goma sha huɗu, ta wanke su da sabulu, ta shanya a kan bututun ɗumama ɗaki. Ba wanda ya yi mata maganarsu.

Ana cikin sati na biyu aka ƙwanƙwasa ƙofa da rana. Wata mata ce mai kimanin shekara arba'in, da raƙumi a tafin hannu.

"Sannu, Apa. Sunana Dilbar, daga hawa na bakwai. Ni ban jefar da nawa ba. Kwana goma ina juya shi, na rasa yadda aka yi wuyan nan ya lanƙwashe ba ɗinki."

Burulkan ta dube ta sama da ƙasa. "Kin ci abinci?"

Dilbar ma'aikaciyar jinya ce, ba miji, ba ɗa. Ranakun hutunta takan hau da zarenta, su sha shayi, Burulkan tana yi mata faɗa.

"Haba 'yata, haka kike riƙe allura a asibiti? Allah ya ji ƙan marasa lafiya."

Dilbar ta yi dariya har da riƙe ciki. Sau shida ta zo. A zuwa na shida ta ce ta samu aiki a birnin Almati, can tsallaken iyaka, ƙarshen wata za ta tashi. Ta bar raƙumin da take koyon saƙawa, mai ƙafa uku, a kan tebur, ta ce za ta leƙo su ƙarasa kafin tafiya. Hidimar kwashe kaya ta sha kanta, ba ta samu hawowa ba.

Burulkan ta jira har ƙanƙara ta narke, sannan ta saƙa ƙafa ta huɗun da kanta. Ta ce wa Talant ya nemo mata lambar matar. Ya duba zauren, ya tarar ta fita. Ya tambayi mai gadi, mai gadi ya ce ba ta bar masa lamba ko adireshi ba.

Yanzu shekarunta saba'in da huɗu, tana nan a hawa na sha ɗaya. Idan rana ta yi kyau takan shiga lifta ta sauka, ta zauna a benci da saƙarta har la'asar. Wasu suna gaishe ta yanzu. Ta san sunan mutum uku.