Idon da Ya Rage Mini

Walda nake yi. Get, ƙofa, ƙarfen taga. Da ita na ci abinci a Durumi kafin a rushe layinmu, da ita nake ci yanzu a Karshi. Ban yi boko ba. Ƙarfe na sani.

A Durumi wuta ba ta zuwa da rana. Sai magariba ta wuce ake kawo ta, tsakar dare a ɗauke. Duk mai walda a layin da dare yake aiki, ya yini yana gyangyaɗi a kan benci. Kuma ba wanda yake sa murfin fuskar nan mai baƙin gilashi. In ka sa shi da dare ba ka ganin inda za ka ɗora sandar walda. Sai dai ka kau da kai, ko ka ɗan runtse. Wanda ya koya mini haka yake yi. Wanda ya koya masa ma haka.

Hasken walda ba nan take yake kama ido ba. Sai ka koma gida ka kwanta, sannan ka ji kamar an watsa maka yashi. Hawaye, zafi, ba barci. Maganinmu madarar gwangwani, a ɗiga a ido, ko a yanka dankalin turawa a ɗora.

A cikin wannan kwanciyar nake ganin zane. Ido a rufe, amma akwai haske a ciki, kore da ja, yana tafiya yana lanƙwasa. Wani kamar ƙahon rago, wani kamar ganyen rogo, wani ban san sunansa ba. Sai in tashi in ɗauki alli in zana a simintin ɗaki, ina share hawaye da bayan hannu. Matata ta san ba ta share ɗakin sai na ce ta share.

Da zanen nan na bambanta da sauran. Kowa yana iya haɗa ƙarfe da ƙarfe. Amma masu gida daga cikin gari sukan shigo da mota har lungunmu, suna tambayar mai waldan nan da ba ya yin get iri ɗaya sau biyu.

Da muka dawo Karshi na sami janareta, na sami kwantena a bakin titi inda nake ajiye kaya, ina aiki a gabanta. Ina iya yin walda da rana. Amma jikina ya riga ya manta barcin dare. Kuma duk lokacin da aka kawo aikin da yake son sabon zane, na san hanyar. Da yamma in yi walda ido tsirara, in koma gida in jira.

Idon hagu ne ya fara. Kamar hayaƙi a gefe, sannan hayaƙin ya shigo tsakiya. Na fara yanka ƙarfe ba daidai ba. Ina yin barci a zaune a masallaci, liman ya sallame ban sani ba. Wata rana na farka injin yanka ƙarfe yana juyawa a hannuna, ya ci gefen wandona. Matata ta ga wandon. Ta ɗauko mayafinta ta tsaya a bakin ƙofa. Muka tafi asibiti.

Likitar mace ce. Ta haska mini ido ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Malam, yaushe rabonka da barcin dare?"

Na ce ban riƙe ba.

Matata ta ce, "Tun kafin in haifi babbar 'yarmu. Yanzu tana sakandare."

Likita ta ce, "Ba zan ɓoye maka ba. Na hagu ya tafi. Na dama ana iya riƙe shi, in ka yarda. Jininka ma ya hau, shi ma yana cin ido. Ba walda ba murfi, ko ta ƙiftawa ɗaya. Kuma ka riƙa barci da dare kamar mutane."

Na ce, "Aikina da dare yake zuwa."

Ta ce, "To zaɓi. Makaho dai ba ya walda."

Matata ta karɓi makullin kwantena. Da la'asar sakaliya take zuwa da kanta ta kulle, ta ɗaure makullin a bakin zaninta. Ta daina sayo goro. Shayin mai shayi da nake sha baƙi wuluk bayan isha, ta je ta gaya wa mutumin a gaban jama'a in ya sake ba ni da ita zai yi. Bayan isha sai kwanciya. Asuba sai tashi, ko na yi barci ko ban yi ba. Gyangyaɗin rana ta hana. In ta kawo abinci ta same ni a kan benci, sai ta buga kwano da cokali a kunnena.

Farkon abin azaba ne. In kwanta ido biyu har kiran salla, in tashi kaina kamar an cika shi da siminti. Na yi mata tsawa ba sau ɗaya ba. Sai ta ce, "Yi ihunka, Malam. Ni dai ba zan ja ka da sanda ba."

Na koma sauke rodi daga mota da kaina, na daina kiran masu dako, don in gaji. A hankali barci ya fara zuwa. Guntu-guntu, sannan ya haɗe. Kafin damina ta ƙare na zama mutumin da yake kwanciya ya farka da kiran asuba. Ciwon kai ma ya ragu.

Zane kuma ya ɗauke. Ƙaf.

In rufe ido, baƙi kawai. Na riƙe alli da safe, na riƙe da yamma, ba abin da ya fito sai layi a miƙe. Na koma yin abin da kowa yake yi: mai gida ya nuna hoto a waya, in kwaikwaya. Masu mota suka daina tsayawa. Mai kwaikwayo akwai shi a kowane titi, ba sai an zo Karshi ba.

Sai wani mutum ya zo. Yana gina gida a hanyar gari. Ya ce ya ga get ɗin abokinsa, aikina na da, yana son nasa, amma kada ya yi kama da na kowa. Na ce to. Ya tafi. Kwanaki suka wuce ban zana komai ba. Ya dawo, na ce ana kai. Ya ce in ba zan iya ba in faɗa masa, akwai wasu.

Kusa da kwantenata akwai mai faci, dattijo, Kirista ne daga wajen Jos. Tun da na zo muke tare. Ya san labarin idona, don shi yake riƙe mini kaya in na tafi asibiti.

Ranar da mai son get ɗin ya dawo, da hantsi, na tayar da janareta. Na ajiye murfin fuska a ƙasa. Na ɗauki sandar walda. Na ce a raina sau ɗaya ne, ido ɗaya zai iya ɗaukar sau ɗaya. Da dare in zafin ya kama ni zan ce wa matata ciwon kai ne.

Janareta ya mutu. Na waiga. Mai faci ne tsaye a kansa.

Ya ce, "Oga walda, ina hularka?"

Na ce, "Baba, tayar mini da inji."

"Ba zan tayar ba. Ido ɗaya kake da shi, kana so ka gasa shi kamar masara?"

Na ce, "Ba ka san aikin nan ba. Ni sai dare ya yi nake gani. An ƙwace mini dare."

Ya ce, "Dare kake so?"

Na ce ya bar ni.

Ya tsaya yana kallona. Sai ya ce, "To shi ke nan, idonka ne. Amma taimake ni da wayar ɗauri, tawa ya ƙare. Yana ciki ko?"

Na shiga kwantena, can ƙurya, na ɗauko nadin waya. Kafin in juyo ya turo ƙofar. Na ji sakata ta faɗa.

Ya ce daga waje, "Ga dare nan. Ka ci ka ƙoshi."

Na bugi ƙofa. Na zage shi, na zagi garinsu. Ya ce, "Na gode. Sai madam ta zo in buɗe." Na ji ya koma yana bubbuga taya.

Kwantena da rana murhu ce. Gumi ya jiƙa ni har wando. Ba taga, ba huda, ban ga hannuna ba. Da na gaji da ihu na zauna a kan buhun guntayen ƙarfe. Wayar tana hannuna. Don haushi na fara murɗa ta. In murɗa, in warware, in sake murɗawa.

Ban ga kore ba, ban ga ja ba. Wannan ya tafi, har yau bai dawo ba. Amma yatsuna sun lanƙwasa wayar sun dawo da ita ta ƙarƙashin kanta, na shafa, na ji abu ne. Na yi masa ɗan'uwa a gefe. Na haɗa su. Na manta da zafin. Na manta da mai faci.

Bai jira matata ba. Da aka kira azahar ya buɗe. Haske ya mare ni. Ya ce, "Fito ka je ka yi sallarka, kada Allah ya kama ni." Sai ya ga abin da yake hannuna. Ya karɓa ya juya shi.

Ya ce, "Wannan mene ne? Hanjin akuya?"

Na ce, "Get ne."

Ya ce, "To."

Na ɗora wayar a ƙasa na bi ta da alli, na faɗaɗa. Na yi get ɗin da murfi a fuskata, daga farko har ƙarshe. Mai shi ya zo ya duba. Ya ce bai kai na abokinsa ba. Gaskiya ya faɗa. Na da yana da rai, kamar yana motsi. Wannan ya fi nauyi, ya fi kauri, aikin hannu ne ba na ido ba. Amma ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, ya sa aka ɗora a mota.

Na gaya wa matata abin da dattijon ya yi, har da maganar murfin da na ajiye. Washegari ta dafa masa shinkafa da wake ta kai masa da kanta. Ni kuma ta kwana biyu ba ta kalle ni ba.

Yanzu haka nake aiki. In ana son sabon zane, da hantsi nake shiga kwantena da wayar ɗauri da gorar ruwa. Na huda ƙasan bango don iska, na rufe hudar da buhu. Mai faci ya saka sakata, ya buɗe da azahar. Wata rana in fito da abu, yawancin ranaku in fito da gumi kawai. Abin da dare ɗaya yake ba ni a da, yanzu sai in shiga in fita, in shiga in fita, kafin in sami rabinsa. Masu mota kaɗan sun dawo. Da yawa ba su dawo ba.

Akwai ranakun da nake kallon sandar walda in ji ina son hasken nan. Ba ya barin mutum. Ina sa murfin.

Watan jiya na koma asibiti. Likita ta rufe mini na hagu, ko da yake ba sai an rufe shi ba. Ta haska na dama.

Ta ce, "Kana barci?"

Na ce ina yi.

Ta ce, "Lahanin bai ƙaru ba. Bai kuma ragu ba."

Na ce, "Zai kai ni?"

Ta ce, "Kai ka ina, Malam?"

Na ce, "Yara su gama makaranta."

Ta kashe fitilar. Ta ce ba ta yin alkawari a kan ido, in dawo bayan salla.