Ranar da Na Sa Aka Rushe Katanga Mai Lafiya

Wauta dai na tabka ta kala-kala a shekaruna na gini, amma akwai ranar da ko an tashe ni daga barci zan ba da labarinta. Ku sababbin magina, ku saurara.

Ni Sale magini, makarantar boko aji biyu na yi aka sallame ni, kowa ya huta. Sai dai ina da wani tabarau mai kauri da likita ya yanka mini, saboda shi ne mutanen Gumel ke ce mini Injiniya.

Da yanar ido ta rufe mini gani aka kai ni asibiti a Kano a yi mini aiki. Likitar ta ce bayan yanar, gaban idona ba zagayayye ba ne, ya ɗan miƙe kamar ƙwai, abin da tabarau yake gyarawa ke nan. Ta ce ɗan gilashin da za su dasa a ciki zai gyara duka biyun. Bayan an gama idanun ta ce, "Baba, ban da ƙura, ban da ɗaukar nauyi. Tsohon tabarau kuma a ajiye shi." Na ce to. A raina na ce, Injiniya ba tabarau? Ai sai a raina ni.

Da aka ba ni izinin fita, ran wata Laraba na tafi Maigatari duba ɗakin ajiyar hatsi da muke gina wa Alhaji Sabo. Na bar aikin a hannun Ilu, mataimakina na shekara ashirin, magidanci mai 'ya'ya bakwai. Ina sauka daga mota na ƙwama tabarau. Nan take ƙasa ta karkace. Ina ɗaga ƙafa kamar zakara a cikin ruwa, kaina na juyawa, na ce yunwa ce.

Na dubi katanga, sai na ga ta sunkuya kamar mai ruku'u.

"Ilu! Wannan gini ne ko gaisuwa?"

"Maigida, a saki igiya a gani mana."

A ƙa'ida igiya mai nauyi a ƙasa ita ke raba gardamar magina. Ni kuwa na ce, "Idona ya fi igiyarka." Na sa aka sauke layi uku na bulo. Alhaji Sabo yana tsaye, ransa ya ɓaci, ya ce, "Ilu, tattara kayanka. Kuma zan gaya wa 'yan kasuwa irin aikinka."

Na ja da baya don in ƙara nuna masa karkatar, ƙafata ta nemi ƙasa inda babu ita, sai ga ni zaune daɓas cikin kwaɓin siminti. Tabarau ya yi nasa wuri. Na ɗaga kai, katanga tsaye ƙyam kamar alif.

Wallahi sai da Shaiɗan ya ce mini in yi shiru. Amma ga Ilu yana naɗe igiyarsa zai tafi.

"Alhaji," na ce, "katanga lafiyarta ƙalau. Injiniyan ne ya karkace."

Aka saki igiya, ta kwanta daidai. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ba Ilu haƙuri. Ni ma na ba shi, wandona na ɗigar siminti.

Da na koma asibiti likitar ta ce gyara biyu na ɗora wa ido ɗaya, kamar a zuba wa miya gishiri sau biyu. Ta ce ƙafa da ido take shawara kafin ta taka, in ido ya yi ƙarya dole mutum ya yi tangaɗi. Tun daga nan ban ƙara yanke wa gini ko mutum hukunci ba sai na saki igiya.

A motar komawa Gumel ran nan, Ilu ya matso ya ce a hankali, "Maigida, to gidajen da ka gina da ido kafin a yanka maka tabarau, wa zai je ya duba su?"

Na juya ina kallon gonaki ta taga.