Yaya Habu da agogon cocin 'yan Rasha

Shekara bakwai ke nan da rasuwar wana, Injiniya Habu, kuma har yau zuciyata ba ta huce ba.

A Rasha Yaya ya yi karatu. A can ya kamu da son manyan agogunan da ke kan hasumiyar ƙararrawa ta coci-cocinsu, har ya koyi gyaransu. Da ya zo Washington ya samu aiki, ya zauna da iyalinsa a Bowie, kusa da birnin, sallar jam'i ba ta wuce shi. Wata rana ya bi ta gaban wata ƙaramar cocin 'yan Rasha, ya ga agogonta a tsaye. Ya shiga ya nemi izinin gyarawa. Daga nan duk Asabar yana saman hasumiya, hannu duk baƙin mai.

Sai wani ɗan'uwanmu Bahaushe ya gan shi yana fitowa daga cocin. Kafin Juma'a ta zagayo magana ta karaɗe Landover, inda Hausawanmu ke taruwa: wai Habu ya yi ridda. Babu wanda ya tare shi ya tambaya. Aka daina gaya masa suna da ɗaurin aure, mata suka janye jiki daga matarsa. Na ce mu je mu yi wa jama'a bayani. Ya ce, "Ƙyale su, Sule. Agogo nake gyarawa, kowa ya ɗaga kai ya amfana." Ya yi dariya, amma na ga yadda ya rame.

Ranar jana'izarsa da ƙyar sahu ya cika. Dattawan cocin kuwa sun zo, suka tsaya gefe, huluna a hannu, har aka rufe shi. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Abin da ya fama mini mikin ya faru a watan jiya. A wata walima, mutumin da ya fara baza maganar ya miƙe yana cewa marigayi Habu abin koyi ne wajen zaman lafiya da maƙwabta. Aka tafa, don yanzu irin wannan zancen ke kasuwa. Matar Yaya ta tashi ta fice. Da yana raye na san zai ce in yi haƙuri. Ni ban kai shi ba. Yabon da bai zo da neman gafara ba ihu ne bayan hari.

Me ya rage na Yaya? Agogon na tafiya. 'Ya'yansa sun girma suna salla, amma ba sa shiga taron Hausawa, kuma ban ga laifinsu ba. Wannan asarar mu muka jawo ta da bakinmu.

Allah ya jiƙan Yaya Habu. Mu da muka saura, Allah ya azurta mu da kunya.