Na Shiga Filinge da Guɗa, Ban San Ni Bazawara Ce Ba

A shekarar da annobar mura ta shigo ƙasar Kurfai, zamanin da Nasara bai daɗe da zama ba, ni amarya ce mai cikin fari. Ban yi karatu ba, jikanyata ke rubuta wannan, ina faɗi ina share hawaye. Mai gidana majemi ne a Filinge, mutum mai yawan dariya. Da ciki ya tsufa ya raka ni Tabla wurin iyayena goyon ciki, ya ce in ya ji haihuwa zai zo da ragon suna ko da a kafaɗa ne. Na haihu, sai kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar, ya rufe kasuwa da hanyoyi saboda annobar, ya zuba gardawa, wato dogaransa, ba shiga ba fita. Aka raɗa wa ɗana suna babu uba. Na yi ta fushi a raina, ina cewa da ya so da ya ratso ta daji.

Watanni suka wuce, aka yi shela an buɗe hanya. Innata ta sa mini lalle, na yi kitso, na goya yaro, muka taho da matan garinmu muna waƙa. Na ga gidaje shiru a bakin gari, ban tsaya tambaya ba. Da guɗa na shiga gidanmu. Surukata na zaune ita kaɗai a gindin rumbu. Ta dubi ƙafafuna, ta dubi goyon, ta kira ni ɗiyata, ta ce in sauke yaron in zauna. Ashe tun farkon annobar aka binne mai gidana, ba a sami mai kai saƙo ba.

Na roƙi malamin unguwa ya bar ni in shiga takaba. Ya ce daga ranar rasuwa ake lissafi, kwanakina sun riga sun fita ban sani ba, sai dai addu'a. Wato duk lokacin da ya kamata in zauna dominsa, ina can ina sa kwalli ina jin haushinsa. A waje kuwa kalangu ke tashi, kasuwa ta ci. Abin da ya fi ba ni kunya, har a ranar wani sashe na zuciyata murna yake, don ni da ɗana mun tsira. Na yi wani auren, da wannan mijin ya rasu na yi masa takaba cikakkiya, amma wannan na fari har yau ban sauke nauyinsa ba.

Abin da na koya, buɗe hanya ba ya mayar da gari yadda aka bar shi. 'Ya'yana, in Allah ya yaye wata annoba a zamaninku, ku gode masa, ba laifi. Amma kada ku zargi wanda bai zo ba sai kun ji dalili. Ku yi sallama a hankali, ku tambayi wa ya rage a gidan kafin ku ɗaga murya.